Faran Miliyan 7 a Bayan Fuskar Mace Ɗaya

Akwai ƙorafin da ya bi fim ɗin da Carl Theodor Dreyer ya yi a kan shari'ar Jeanne d'Arc, yarinyar Faransa da ta jagoranci mayaƙa a yaƙi da Ingila har aka kama ta aka ƙone ta, tun ranar da masu kuɗin suka fara kallonsa. Kamfanin Société Générale des Films na Faransa ya zuba kimanin faran miliyan 7, aka gina ɗan ƙaramin gari da kankare a Clamart, bayan birnin Paris: ganuwa mai hasumiya huɗu, gada mai ɗagawa a kan ramin ganuwa, coci, gidaje, da filin da za a ƙona yarinyar. Da La Passion de Jeanne d'Arc ya fito a 1928, sai aka nemi garin aka rasa. Fuska ce ta cika allo, daga ita sai wata fuskar, sai farin bango, sai ɗan kusurwar taga. Masu kuɗin sun fusata, kuma ba a ga laifinsu ba, wanda ya biya kuɗin ganuwa yana son ya ga ganuwa.

A ganina kuɗin nan bai tafi a banza ba. Kuma masu yabon fim ɗin a yau, waɗanda suka taƙaita gadon Dreyer a kan cewa shi ne sarkin hoton kusa, kuskuren masu kuɗin suke maimaitawa ta wata ƙofar. Waɗancan sun ga fuska sun ce an yi musu asarar gini, waɗannan sun ga fuska sun ce ashe ba a bukatar gini. Gurguwar fahimta ta biyun ta fi ɓarna, domin ita ce ta haifi dubban fina-finan da ake manna kyamara a fuskar jaruma, a ɗiga mata ruwa a ido, a saki kiɗan tausayi, a ce an yi zurfi.

A fara da abin da aka ɗora masa. Dreyer mutumin Danmak ne, an haife shi a Kwapanhagan a 1889. Da aikin jarida ya fara, daga nan ya shiga kamfanin Nordisk yana rubuta allunan magana da ake sakawa tsakanin hotuna a fina-finan da ba su da sauti, yana kuma yanka da haɗa fim. A 1925 ya yi wani fim a kan maigida mai gallaza wa matarsa, kusan duka a cikin gida ɗaya, ya karɓu ƙwarai a Faransa, shi ne sanadin kiransa Paris. Lokacin kuwa sunan Jeanne d'Arc na tashe. Fafaroma ya ayyana ta waliyyiya a 1920, ƙasar kuma ta fito daga Yaƙin Duniya na Ɗaya tana neman wanda za ta yi alfahari da shi. Abin da kowa ya sa rai shi ne dawakai da sulke da tutoci, ceton birnin Orléans a 1429, naɗin sarki a Reims. Masu zafin kishin ƙasa har gunaguni suka yi, wai an damƙa amanar waliyyiyarsu a hannun baƙo, ba Bafaranshe ba, ba ɗan Katolika ba.

Dreyer ya ture duk wannan gefe. Kamfanin ya riga ya sayi haƙƙin wani ƙagaggen littafi na Joseph Delteil, amma shi sai ya koma kan takardun kotu. Shari'ar da aka yi a Rouen a 1431, ƙarƙashin Bishop Pierre Cauchon da goyon bayan sojojin Ingila, tana cikin shari'o'in wancan zamani da aka fi adana bayaninsu, domin magatakarda sun rubuta tambaya da amsa zama bayan zama. Masanin tarihi Pierre Champion ya buga takardun a farkon shekarun 1920, kuma shi aka ɗauka mai ba da shawara a fim ɗin. Zaman tuhuma 29 da aka yi cikin watanni, Dreyer ya dunƙule su ya mayar yini ɗaya, wanda ya ƙare da wutar 30 ga Mayu.

Duk wanda ya taɓa karanta takardar kotu ya san babu fili a cikinta, babu sararin sama. Tambaya ce da amsa, sai shirun da ke tsakani wanda magatakarda ba ya iya rubutawa. Ɗauki mashahuriyar tambayar nan da aka yi mata, ko tana cikin alherin Ubangiji. Tarko ne mai baki biyu. In ta ce e, ta yi da'awar sanin abin da malaman coci suka ce ba mai tabbacinsa, in ta ce a'a, ta kai kanta. Yarinyar da ba ta iya karatu ba ta amsa cewa in ba ta ciki Allah Ya sa ta, in tana ciki Allah Ya tabbatar da ita. To, me mai ɗaukar hoto zai nuna a nan? Babu takobi, babu gudu. Abin da ke faruwa gaba ɗaya yana tsakanin goshi da haɓa ne: ta ji, ta hango ramin, ta yi tunani, ta tsallake. Daga irin wannan wurin hoton kusa ya samo asali. Takardun ne suka nema.

Amma son nuna fuska daban, iya nuna ta daban, kuma a nan ne sana'ar take. Zaren fim da aka fi amfani da shi kafin tsakiyar shekarun 1920, wanda ake kira otokuromatik, ba ya ganin launin ja. Duk abin da ke da ja a jikinsa baƙi yake fitowa: leɓe, ƙuraje, jan kumatu, jijiyar ido. Shi ya sa 'yan wasan wancan lokaci suke lafta hoda da man kwalliya har fuska ta zama kamar an shafe bango, a ja baƙi a ido. Irin wannan fuskar in ka matso da kyamara, kwalliyar za ka gani, mutumin ya ɓace. Rudolph Maté, mai ɗaukar hoton Dreyer, ya yi aiki da sabon zare, fankuromatik, wanda ke ganin duk launuka ya mayar da su toka-toka daidai da yadda ido ke auna haskensu. Da wannan ne Dreyer ya iya hana kwalliya ɗungurungum. Sai ga ramukan fata, tsagewar leɓe, tusar jaki a kumatun alƙali, gumi, ƙuda yana sauka a fuska. Sauya zare kuma yana sauya komai a wurin ɗauka, har fentin bango. An shafe ganuwar Clamart da ruwan hoda, launin da ba mai zaton ganinsa a kurkuku, don kawai ta fito toka a jikin farin sama.

Sai tambayar masu kuɗi: in fuska ake so, me ya kawo kankare? Amsa ta farko tana cikin tsarin ɗauka. A al'ada, ana kafa ɗaki da katako da zane, a ɗauki duk fitowar da ke cikinsa ko da ɗaya a farkon labari take ɗaya a ƙarshe, a rushe, a kafa na gaba. Hanya ce mai sauƙin kuɗi, amma tana sa ɗan wasa ya mutu ranar Litinin ya yi aure ranar Talata. Dreyer ya bi labarin a jere, daga shigowarta kotu har zuwa itacen wuta, daga Mayu zuwa Nuwamba na 1927. Wanda zai yi haka dole wurarensa su tsaya da ƙafarsu tsawon wata shida, ruwa da iska. Ribar kuwa a fuskar Renée Falconetti, wadda ta fito a Jeanne, take. Gajiyar da ke idonta a kashi na ƙarshe ta taru ne mako bayan mako, kuma askin da aka yi mata gab da ƙarshe askin gaske ne, gashinta ne ke zuba a ƙasa ana sharewa. Irin wannan fitowar sau ɗaya ake samunta, ba a cewa a sake.

Amsa ta biyu tana ƙasa, a cikin ramuka. Dreyer ya sa an yi ta haƙa rami ana saka kyamara don a ɗauki mutane daga ƙasa, har ma'aikata suka laƙaba masa sunan Gruyère, wani cuku da Faransawa ke dangantawa da huji, wanda kuma ya yi kama da sunansa a furuci. Kyamarar da ke kallon sama tana tona asirin ginin ƙarya nan take. Za ta ga inda zane ya ƙare, ta ga katakon da ya tallafe shi, ta ga fitilu. In kana son kan soja ya tsaya a jikin hasumiya daga ƙasa, sai hasumiyar ta kai tsayinta. In kana son sojoji su hau ganuwa a tarzomar ƙarshe, a kuma rataya kyamara a saman ƙofa tana lilo tana kallon jama'a kai a ƙasa, sai bangon ya iya ɗaukar nauyi. Hermann Warm da Jean Hugo, waɗanda suka tsara ginin, sun kwaikwayi ƙananan zane-zanen littattafan zamanin, inda taga ke karkace, ƙofa ba ta daidaita da tsawon mutum. Ko ɗan gefen baka ɗaya ne ya shigo hoto, karkacewar nan tana aiki a kan mai kallo ba tare da ya ankara ba.

Amsa ta uku ita ce wadda ba ta da lissafi, kuma ita na fi yarda da ita. Ɗan wasan da ke tsaye a ɗakin gaske ya san inda ƙofa take, ya san nisan alƙali da shi, ya san daga ina haske ke shigowa. Idonsa na sauka a kan wani abu. Wanda aka tsayar gaban farin ƙyalle aka ce ya kalli alamar alli, idonsa yawo yake, kuma hoton kusa ba ya rufa wa ido asiri. Har waɗanda suka fito a limaman coci an yi musu askin tsakar kai irin na masu zuhudu. Ba na musun cewa da an matsa, da an iya yin ginin da ƙasa da haka. Kamfanin ya yi asara, dangantaka ta lalace har ta kai su kotu. Amma a ce ginin ba ya cikin fim ɗin, wannan kam a'a. Yana cikin yadda kowa ke tsayuwa da yadda kowa ke kallo.

Wurin da Dreyer ya fi saɓa wa zamaninsa shi ne haɗa hoto, kuma shi ne masu kwaikwayonsa suka fi tsallakewa. Ƙa'idar da aka saba, wadda har gobe ake koyarwa, mai sauƙi ce. Ka fara da hoto mai faɗi don mai kallo ya san ɗakin da mazaunin kowa. Ka ja layi a zuci tsakanin masu magana biyu, ka bar kyamara a gefe ɗaya na layin. Ta haka in ɗaya na kallon dama ɗayan zai kalli hagu, idanunsu su haɗu a kan mai kallo ko da ba sa cikin hoto ɗaya. In mutum ya fara miƙewa a guntu ɗaya, ya ƙarasa miƙewar a na gaba. Duk wannan don mai kallo ya zauna daram, ya san gabas da yamma.

Dreyer ya ƙwace wannan natsuwar da gangan. Bayan kyamara ta bi ɗakin shari'a sau ɗaya a farko, da wuya ya sake ba ka taswira. Masanin fina-finai David Bordwell, a littafinsa na 1981 a kan Dreyer, ya ƙirga yanka fiye da 1,500 a fim ɗin, ya tarar ƙasa da 30 ne kawai ke ɗauko mutum ko abu daga guntu ɗaya zuwa na gaba, ƙasa da 15 kuma ke ƙarasa motsin da aka fara. Ma'ana, kusan kowane yanka yana jefa ka wurin da ba ka sani ba. Tambaya na zuwa daga hagu, ta gaba daga sama, fuskar wani malami ta kutso daga kusurwar ƙasa rabinta a waje. Alƙalan galibi daga ƙasa aka ɗauke su, da haske mai kaifi, kyamara na zarya a kansu, tana bin sahu, tana zaburowa kan baki mai magana. In an dawo kan Jeanne sai ta lafa, hasken ya yi taushi. Raba tsawon fim ɗin da yawan yankan, za ka samu kowane guntu bai kai sakan huɗu ba. Fim ɗin da ake tunawa da shi a matsayin fuska mai shiru, ashe gudu yake kamar ana kora. Mai kallo ya rasa inda yake zaune kamar yadda wadda ake tuhuma ta rasa ta inda bugu na gaba zai fito, fuskarta ce kaɗai wurin da ido ke hutawa.

Ga abin da ke lalacewa in an ɗauki rabi an bar rabi. Darakta ya matso da kyamara tun minti na farko, kafin a san me jarumar za ta rasa, sai fuska ta zama fuska kawai. Ya matso da gilashin kyamara mai faɗin gani maimakon ya ja baya ya sa mai dogon gani, hanci ya kumbura, kunnuwa su gudu baya. Ya bar hoda a fuska, kyamarar zamani ta nuna ta ƙwaya-ƙwaya. Ya karya layin kallo bisa kuskure, ba bisa niyya ba, mai kallo ya rikice sau ɗaya ya ɗauka gwanintar ce ta gaza, domin karya ƙa'ida ba ya zama salo sai an yi ta karya ta da tsari daga farko har ƙarshe. Mafi muni, ya sa hawaye a kowace fitowa. A wurin Dreyer kowane hawaye da dalilinsa. An tambaye ta wa ya koya mata addu'a, ta ce mahaifiyarta, sai ɗigo ɗaya ya gangaro. An kawo mata wasiƙar jabu wai daga sarkinta, ba ta iya karantawa, ta yi murna, mu da muka ga ana ƙirƙirar wasiƙar mu ne cikinmu ke ɗurar ruwa. Inuwar ƙarfen taga ta zana gicciye a ƙasan ɗakinta, wani mayaudarin limami ya shigo, inuwarsa ta shafe shi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma ganin hawaye a fuska ba ya nufin an san abin da ya kawo shi.

Ba wai fim ɗin ba shi da abin suka ba. Daraktan Faransa Robert Bresson, wanda ya yi nasa fim ɗin a kan shari'ar a 1962 da mutanen da ba 'yan wasa ba, da murya a kwance ba hawa ba sauka, bai ɓoye ƙyamarsa ga yamutse-yamutsen fuskar da ke fim ɗin Dreyer ba. Yana da gaskiya a wani wuri. Alƙalan Dreyer sun yi muni fiye da kima, wani na tofa yawu, wani na murɗa gashinsa kamar ƙaho. Alƙalan Rouen na gaske malamai ne, da yawansu daga Jami'ar Paris, masu natsuwa da iya magana, kuma zaluncin mai natsuwa ya fi ban tsoro. Ita ma Jeanne ta takardu ta fi ta allo tsauri. Ta yi ta ƙin rantsuwar da ake son ta yi, tana ce wa malamai su wuce zuwa tambaya ta gaba. Da aka tambaye ta ko Mala'ika Mika'ilu tsirara ya zo mata, sai ta mayar musu da tambaya, ko suna zaton Allah ba Shi da abin da zai tufatar da shi. Wannan amsar tana cikin fim ɗin, amma yarinyar da ta jagoranci mayaƙa ba ta cika bayyana ba, wadda ake azabtarwa ce ta rinjaya. Tarzomar ƙarshe kuma, inda jama'a suka tashi sojoji suka far musu, Dreyer ne ya ƙara ta. Sannan ga matsalar da ba ta da magani: labari ne na magana zalla a fim marar sauti, allon rubutu na katse fuska kowane ɗan lokaci. A watan Oktoba na 1927, ana tsakiyar ɗauka, Amurka ta fitar da dogon fim na farko da ake jin muryar ɗan wasa. Kafin nasa ya shiga kasuwa, kasuwar ta fara tashi.

Wani gadon da ya kamata a yi watsi da shi shi ne tatsuniyar mugunta. An daɗe ana yawo da labarin cewa Dreyer ya riƙa durƙusar da Falconetti a kan dutse har sai ta fita hayyacinta, kuma ana faɗarsa cikin sha'awa, kamar wahalar da mace ce sirrin gwaninta. Ana so a manta cewa matar nan ƙwararriyar 'yar wasan dandali ce a Paris, tana da kimanin shekara 35 ta fito a 'yar shekara 19 ba tare da ɗigon kwalliya ba, kuma aka yarda. Wannan aikin wadda ta san sarrafa numfashinta da fatar idonta ne. Mai cewa azaba ce ta yi aikin ya ƙwace mata sana'arta ya miƙa wa darakta, ya kuma ba kowane mai zafin kai lasisin cin zarafin 'yan wasa da sunan fasaha. Ba ta sake yin fim ba, ta koma dandali, ta rasu a Buenos Aires a 1946.

Hujja mafi ƙarfi cewa hoton kusa ba shi ne salon Dreyer ba tana cikin sauran aikinsa. Bayan wani fim da ya yi a 1932 wanda shi ma bai yi kasuwa ba, ya shafe fiye da shekara goma bai yi dogon fim ba, ya koma jarida, har da rubuta labaran zaman kotu a Kwapanhagan. Da ya dawo, sai ya juya hannu gaba ɗaya. Ordet na 1955, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Venice, guntaye 114 ne kacal a fiye da awa biyu. Gertrud na 1964, fim ɗinsa na ƙarshe, 89. Kyamara na nesa-nesa, tana bin mutane a hankali cikin ɗaki, guntu ɗaya na ɗaukar mintuna. Mutumin da ya yanka fiye da sau 1,500 a 1928 ne wannan. Abin da bai sauya ba shi ne yadda yake kwashe tarkace daga ɗaki har sai abin da ke da aiki ya rage, da yadda yake tambayar kowane labari irin hoton da yake bukata kafin ya kafa kyamara. Wannan ne abin gado, kuma ya fi wuyar kwaikwayo, domin ba a ganinsa a hoto ɗaya.

Saura batun da ya shafi duk mai son kalla ya yanke nasa hukuncin, wato wane fim ne ma yake kallo. An fara nuna shi a Kwapanhagan ranar 21 ga Afrilu 1928. Kafin ya isa Paris a watan Oktoba, hukumar tace fina-finai da shugabannin coci sun sa an yanke wurare. Ingila ta hana shi na wani lokaci saboda yadda aka nuna sojojinta, waɗanda hulunan ƙarfensu ma suka yi kama da na sojan Birtaniya a yaƙin da aka gama. A watan Disamba na 1928 gobara a ɗakunan kamfanin UFA a Balin ta cinye uwar fim ɗin, wato ainihin zaren da ya fito daga kyamara wanda ake wanko kwafi daga jikinsa. Zaren wancan zamani da sinadarin naitiret ake yinsa, in ya kama ruwa ba ya kashe shi, domin shi ke ba kansa iskar da wuta ke ci. Dreyer ya zauna ya sake haɗa wata uwar daga ragowar ɗaukar da aka ajiye, ita ma aka ba da labarin ta ƙone a 1929. A farkon shekarun 1950 wani mai suna Lo Duca ya samo wannan haɗi na biyu ya fitar da shi da sauti. Don ya samar wa sauti gurbi a jikin zare sai da ya datse gefen hoto, ya sauya allunan magana, ya lulluɓe fim ɗin da kiɗan su Bach da Albinoni. A fim ɗin da aka auna inda kowace fuska za ta tsaya a kusurwa, datse gefe ba ƙaramar ɓarna ba ce. Dreyer bai amince da shi ba, amma shi mutane suka yi shekaru suna kallo.

A 1981 aka tsinci gwangwanayen fim a wani ɗakin ajiya a asibitin masu taɓin hankali na Dikemark, kusa da Oslo. Da aka buɗe su daga baya a cibiyar fina-finai ta Nowe, sai ga kwafin haɗin farko, da allunansa cikin harshen Danmak, tun kafin almakashi ya taɓa shi. Dreyer ya rasu a 1968, bai san akwai shi ba. Wannan kwafin na Oslo shi ya kamata a nema. Sai a duba gudu. Zaren ya kai kimanin mita 2,200, kowace mita na ɗauke da hoto wajen 53. In an juya shi da hoto 24 a sakan, kamar yadda injinan zamanin sauti ke yi, ya ƙare cikin minti 81 ko 82. In da hoto 20 ne, ya kai wajen minti 97. Fina-finan lokacin ba su da gudu ɗaya tabbatacce, kuma masana sun rabu a kan wannan. Ni na fi karkata ga 20, domin a 24 juyin kai da ƙiftawar ido suna ɗan fizga, kuma yankan da dama can yake da sauri sai ya zama hargitsi. Kiɗa kuwa, Dreyer bai bar wanda ya ce shi ne nasa ba. Wanda Richard Einhorn ya tsara a 1994 ya shahara, yana da kyau, amma yana gaya maka abin da za ka ji kafin fuskar ta gaya maka. Kallon farko gara a kashe sauti.

Ita kuwa ganuwar Clamart an daɗe da rushe ta. Mai son ganinta a dunƙule, da hasumiyoyinta huɗu da gadarta, sai dai ya duba hotunan da aka ɗauka lokacin aiki, ko ƙananan samfurorin ginin da ke ajiye a Cibiyar Fina-finai ta Danmak a Kwapanhagan.